Ciyawar Surukina

Yau sati uku da dawowata daga Zariya, kuma har yanzu ban ci tuwo da zafinsa ba. Da na zauna sai in ji sallama, wata ta shigo ta ce, "Inna Hajo, a ba mu labarin Zazzau." In ba ta, ta fita, wata ta shigo, in sake daga farko. A ajinmu na yaƙi da jahilci ma haka. Malamarmu ta ce tun da hannuna ya faɗa da rubutu, in rubuta shi sau ɗaya a karanta wa kowa in huta. Na ga gaskiyarta. To, ga shi yadda ya faru, har da wurin da na yi abin kunya, don na san nan kuka fi so.

Ɗiyata ta uku, Rabi, ita ke aure a can. Mijinta malami ne a wata kwaleji. Haihuwar fari nan Jega ta zo ta yi, wannan ta biyu kuwa a can ta same ta. Ƙanwata ya kamata ta je wankan jego, ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Maigidana Malam ya ce in tafi da kaina, ya ba ni kwana arba'in, in dawo kafin dashen albasa.

Umaru ɗan wana yana fataucin albasa daga Aliero, kuma ya yi lodin Zariya a satin nan, sai aka haɗa ni da shi. Suka ba ni gefen taga a gidan gaba, shi yana tsakiya. Na riƙo daddawa, da kuka, da kanwa, da kwano guda na man shanu mai murfi. Kwanon nan na tura shi ƙarƙashin kujera don kada rana ta taɓa shi. Ban san nan ne wutar mota take ba.

Mun wuce Tambuwal kaɗan sai direba, wani mutumin Maiyama mai fara'a, ya fara shinshina.

"Wai wa ka suya cikin motag ga?"

Umaru ya ce shi ma ya ji. Ni ma na ji, har na ce a raina mutanen ƙauyen nan sun iya girki. Sai direba ya ce ƙafarsa tana santsi. Da ya tsaya muka duba, man shanuna ya narke ya bi ƙasan mota har ƙarƙashin takalmansa. Aka ɗebo yashi aka goge. Ina ta ba shi haƙuri yana ta dariya.

"Inna, bari ba ni haƙuri. Tun da nike tuƙa ta ba ta taɓa shan man shanu ba sai yau. Ki gani in ba ta yi gudu ba."

Rabin kwanon ya tsira. Shi na rungume a cinya har Zariya.

A Gusau muka kwana, gidan gwaggon direba, wata tsohuwa mai sayar da tuwo kusa da tasha. Ta karɓe ni kamar ta san ni, ta ba ni tuwon dawa da miyar sure irin ta gida. An yi ruwa da la'asar, na ga ta jera kwanoni a tsakar ɗaki suna tarar ɗiga. Da safe na zagaya na duba, na ce mata ba rufin ne ya mutu ba, indararo ne ya toshe, ruwa na kwana a kan soro. Aka zura sanda, sai ga sheƙar tsuntsu ta faɗo. Ta riƙe baki ta ce ina na san wannan. Na ce babana magini ne a Birnin Malam. Ina ƙarama ni ke kai masa fura wurin aiki, in zauna ina kallo yana murza tubali, yana ɗora azara. Abin da ido ya gani a ƙuruciya ba ya fita.

Bayan Tsafe direba ya ce, "Inna, shirya, yanzu muka barin jiharmu ta Sakkwato." Na gyara zama. Na ɗauka zan ga ƙofa, ko gulbi, ko dai wani abu. Allo ne kawai a bakin hanya, da rubutun Turanci. Na kama kalma ɗaya a ciki, sunan Sakkwato, na karanta ta da ƙarfi harafi-harafi, Umaru ya tafa mini. Dawar da ke wannan gefe ita ce a wancan. Gaba kaɗan masu kaki sun gindaya ganga a hanya. Ɗayansu ya leƙo, ƙamshin daddawa da man shanu ya buge shi, ya ce, "Mama, ina zuwa?" Na ce wankan jego. Ya ce, "Allah ya raya," ya janye gangar. A Funtuwa muka ci dafaffiyar masara, da azahar muka shiga Zariya.

Unguwarsu Rabi kwatas ake ce mata, gidajen Turawa ne na da. 'Yan uwa, ba zaure, ba katanga. Kowane gida yana tsaye shi kaɗai can nesa da ɗan uwansa kamar sun yi faɗa, an kewaye shi da shingen furanni iya ƙugu. Madafa tana can baya, sai ka yi tafiya kafin ka kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ciyawa tun daga bakin hanya har bakin ƙofa.

Surukina ya fito ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, ni ma nawa a gefe. Kun san tsakanina da shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba, maganarmu ba ta wuce gaisuwa.

Jaririya lafiyayya, tubarkalla. Rabi ce ban gane ba. Ta rame, ta yi shiru, ita da nan gida ake roƙonta ta rufe baki. Babbar 'yarta tana wurin kakarta ta wajen uba tun yaye, ɗakin ba motsin kowa. Na kama aikina, in dafa ruwan wanka da ganye safe da yamma, in dama kunun kanwa, in gasa mata nama. Rana ta uku ina gasa mata jiki sai ta riƙe hannuna.

"Inna, in za ki tahi, ki tahi da ni."

Na ce, "Wani abu ya yi miki?"

"Ko kusa. Ba ya da laihi. Amma Inna, shekara ɗaya da rabi ba wadda ta taɓa yi min sallama a ƙohwar nan. Sai dai a ɗago hannu daga nesa. Ya tahi aiki, ni da bango. Ko gishiri ya ƙare ba ni da inda zan nema."

Na ci gaba da abin da nake yi. Amma na san ɗiyata. In na ɗauko ta a wannan hali, ba lalle ta koma ba, kuma aure ne mai kyau, mutumin kirki ne. In na bar ta kuma haka, ban san me zan tarar ba wata shekara. Kwana talatin da bakwai suka rage mini. Na yi ta addu'a, dabara ba ta zo ba.

Ni kuwa in abu ya dame ni, hannuna aiki yake nema. Sai idona ya koma kan ciyawar nan. Na duƙa na duba, kiri-kiri ce. Ku da kuka san fadama kun san ta. Ita ce in ta shiga fangalin albasa sai ta ga bayansa, ka cire ta yau, jibi ta gaishe ka. Ga ta nan ta cinye gaban gidan surukina har gindin bango. Na ce Allah sarki, bawan Allah karatu ya sha kansa, matarsa na jego, ba mai nome masa. Ƙila ma shi ya sa ba a shigowa, ana ganin kamar kango ne. Ga macizai, ga jaririya. Tambayarsa kuwa ba ta taso ba. Ta yaya zan dubi surukina in ce don me ƙofar gidanka ta yi ciyawa?

Na samu wata 'yar hauya a ɗakin baya. Da na gama wankan safe, ya hau babur ya tafi, sai na fara. A cikin ciyawar na yi ta cin karo da abin arziki, ga lalo, ga gasaya, ga tafasa. Waɗannan na bar su, har na tara musu ƙasa a gindi. Kiri-kirin kuwa na bi ta har saiwa, na tara ta a rana ta bushe, na share wurin tas.

Da azahar ya dawo. Na ji babur ya mutu tun daga bakin hanya. Ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Can ya matso ya durƙusa.

"Sannu da aiki, Inna."

Na ce, "Yauwa, sannu."

Na ji muryarsa na rawa, na ce yaron nan akwai godiya. Washegari ya dawo da balangu mai yawa, na ce ka gani, tukuici ne. Na ƙara himma. Rabi tana ɗakin baya ba ta fitowa gaba, ba ta san abin da ake ciki ba. Kwana huɗu ina yi, kullum ya dawo ya tsaya ya ce sannu da aiki. Rabin filin ya koma jar ƙasa mai kyau, ka shanya gero a kai.

Rana ta biyar ina duƙe sai na ji murya ta bayan shinge.

"Baiwar Allah! Ke baiwar Allah! Na yi haƙuri kwana huɗu, yau kam sai na tambaya. Me ciyawar nan ta yi miki?"

Na ɗago. Wata mace ce ƙaƙƙarfa, fara, ta riƙe ƙugu. Ita ce Hajiya Asabe, Bazazzagiya, matar gidan da ke dama da mu. Na gaishe ta, na ce nome ta nake yi.

"Nome ta? Kin san shekara nawa surukinki ya yi yana rainonta? A daro ya riƙa ɗauko ta a bayan babur, ya dasa ta layi-layi. Da rani da bokiti yake ba ta ruwa. Duk kwatas ɗin nan ba mai irin tasa, maigidana har kishi yake yi."

Na ce, "Dasa ta anka yi? Kiri-kiri?"

"Da hannunsa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na tuna sannu da aikin nan guda huɗu, na tuna balangu. Na ja mayafi na rufe fuska. Hajiya ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta dafa shinge, shingen ya buɗe, ta ga hanya ta samu sai ta ratso ta ciki.

Dariyarta ta fito da matar gidan da ke fuskantar namu, wata Bayarabiya da ake kira Maman Bose, Hausa a bakinta kamar a nan aka haife ta. Ita ba ta dubi ciyawar ba ma. Lalon da na bari ta hango, ta dafa ƙirji.

"Mama, wannan a nan ya fito? Ni da nake hawa mota har kasuwa nemansa!"

Na ce ai nata filin ma ba zai rasa ba. Hajiya ta nuna gasaya da ƙafa ta ce ita wannan mai warin ce ta hana ta sakat, kullum a cire, kullum ta fito.

Na ce, "Hajiya, abin da kuka zubarwa shi muka ci, abin da muka zubarwa shi kuka ba ruwa."

"To ke Basakkwata, wa ya fi wani hankali?"

"Wanda ya ƙoshi," in ji Maman Bose.

Muka yi ta dariya. Da na samu bakin magana sai na ce, ni dai a yi mini uzuri a abu ɗaya. Ko ana son ciyawa, ba a barinta gindin ginin ƙasa, balle a riƙa ba ta ruwa. Tana riƙe damshi, damshi ya ci bango ta ƙasa. Babana ko tsiro ɗaya ya gani a gindin bango sai ya tsaya ya cire.

Hajiya ta ce, "Wane ginin ƙasa? Turawa fa suka gina gidajen nan. Dutse ne da siminti."

Na ce ta zo ta gani. Inda na nome a gindin bango, yaɓen siminti ya riga ya ruɓe ya faɗo, faɗin tafin hannu biyu. Na sa yatsa na kankare. Jar ƙasa ce, da tubali a jere, har da sawun yatsun wanda ya murza shi. Na ce ta dubi kaurin bangon kuma, taga ce mutum zai zauna a cikinta ya miƙe ƙafa.

Akwai wani dattijo, Baba Garba, da ke bi gida-gida yana yanke musu ciyawa da langalanga. Yana saurayi ya yi wa Turawa kuku a unguwar. Ashe yana jinmu. Ya jingine langalangarsa ya matso.

"Baƙuwa ta fi ku gani. Shekara nawa ina faɗa ana cewa tsufa ne. Lokacin da aka yi gidajen nan ina aka ga siminti? Magina aka ɗebo daga cikin birni. Rufin ma soro ne, da ɗaurin bakan gizo, irin na zauren manya. Da damina ta yi ƙarfi yana ɗiga, uwargidan Bature ta yi ta jera kwanoni tana faɗa, sai aka kafa masa rufin kwano a sama kamar malafa. Daga baya aka buga silin a ciki aka rufe. Amma yana nan."

Maman Bose ta tambaye shi don me aka kai madafa can nesa. Ya ce uwargida ba ta son hayaƙi, kuma ba ita ke girkin ba balle tafiyar ta dame ta. Na ce to ciyawar fa, mene ne amfaninta, tun da ba doki gare su a ƙofa ba?

Ya ce, "Haka ƙasarsu take, kore shar. Wanda na yi wa aiki, da yamma sai ya cire takalmi ya tsaya a kanta. Kewar gida ce, baiwar Allah. Su ma suna yi."

Wannan magana ta shige ni. Na waiwaya na dubi tagar ɗakin da Rabi take.

Hajiya Asabe dai ta ce ita ba ta yarda da zancen bakan gizo ba sai ta gani, shekararta tara tana kwana ƙarƙashin silin ɗin nan. Ana cikin haka sai ga babur. Surukina ya tarar da taro a kan abin da ya rage na ciyawarsa. Hajiya ba ta bari ya sauka ba.

"Malam! Kana kallo surukarka na kashe maka ciyawa kwana huɗu, ka kasa cewa komai?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Hajiya, ta ina zan fara?"

Ni dai ina bayan Maman Bose na ɓuya. Ta wurinta na aika masa da ban haƙuri, ta wurinta ya aiko cewa ba komai, ciyawa ce, wai ma na rage masa aiki. Hajiya ta ce ƙarya yake, ta ga ya tsaya a kan busasshiyar jiya kamar mai ta'aziyya. Sannan ta ce ya ɗauko tocila, yau sai an raba gardama.

Haka muka ɗunguma cikin falo gaba ɗaya. Ya ɗora kujera a kan tebur, ya hau, ya ture allon silin guda, ya haska. Sai ya ce, "Ikon Allah." Aka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina, ya fita waje don in hau a sake, matan suka riƙe ni. Na leƙa. Bakan gizo huɗu ne suka taso daga kusurwa huɗu suka haɗu a tsakiya, an kafa ɗan faranti a mahaɗarsu, azara a jere kamar haƙoran mataji. Ko tsaga babu. Irin ɗaurin da babana ke yi ne, wanda in ya gama sai ya ja da baya ya goge hannu a riga, ya ce mini, "Hajo, duba mini, ya yi?" Na ji hawaye, na ce ƙura ce.

Hayaniyarmu ta tashe jaririya, ta tsala kuka. Rabi ta fito da ita a kafaɗa, ta ga mata cike da falonta, ta tsaya turus. Hajiya Asabe ta sauke hannu daga tebur.

"Ke ce matar gidan? Kawo ta nan." Ta karɓi jaririyar. "Mun ga maza sun taru ran suna, ba a aiko mana ko goro ba. Muka ce matar malamin kwaleji ce, ƙila ba ta son a dame ta."

Rabi ta ce, "Ni kuma na ga ba ku shigo ba, na ɗauka nan ba a shiga gidan mutane."

Maman Bose ta tafa hannu. "Shekara ɗaya da rabi! Kina jiranmu, muna jiranki, ciyawa na tsakani tana shan ruwa."

Washegari na tsinki gasaya da tafasa a filaye uku, na dafa, na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da sauran man shanun da mota ta rage mini. Hajiya ta ce ita ɗanɗanawa kawai za ta yi, ita ta side kwanon. Maman Bose ta kawo tata miyar lalon da wani baƙin tuwo na garin doya. Na dube shi na yi bisimilla sau biyu, amma wallahi ya wuce lafiya, sai dai barkono ya sa na sha ruwa moɗa uku. Hajiya ta kawo fate irin nasu. Gida huɗu aka kira ni in duba musu bango, ko'ina na sa aka janye ciyawa kamu biyu daga gindi.

Sauran filin kuwa, ni na ɓata, ni na gyara. Baba Garba ya kawo iri a daro, ni da matan nan muka duƙa. Ni Hajo, da na yi shekara talatin ina yaƙi da kiri-kiri a fadama, na dasa ta layi-layi kamar albasa, har ina ba ta ruwa. Da na dawo na gaya wa Malam maigidana, sai da ya ajiye carbi don dariya.

Ranar da zan taho, tun asuba nake fargabar kada Rabi ta tayar da maganar in taho da ita. Umaru ya aiko cewa mota na tasha. Na ɗaure kayana. Ta fito ta ci ado, ta goya jaririya, tana neman takalmi.

"Inna, ki yi haƙuri, ba ni samun raka ki tasha. Ƙanwar Hajiya ta haihu cikin birni, yanzu muka tahiya barka, Maman Bose na jiranmu."

Na ce, "Ai ba komai, ɗiyata. Ku gaishe su."

Ban taɓa jin daɗin rashin rakiya irin na ran nan ba.

Shekaranjiya Umaru ya kawo mini takarda daga wurinta, na karanta da kaina. Ta ce ciyawa ta kama ko'ina, ta yi kyau, sai wuri ɗaya. Daga inda Hajiya ta ratsa shinge har bakin ƙofa, wata 'yar siririyar hanya ta fito, ƙasa tsura. Sau biyu maigidan yana dasawa, ƙafafu na kashewa. Wai ya ce a tambaye ni, tun da na san halin kiri-kiri, ko akwai maganin da zai sa ta kama.

Na ba da amsa jiya, layi ɗaya. Na ce a gaishe shi, a ce masa wannan wurin ya bar mini shi haka.